Hatimin 'Yan Sanda a Jikin Bindiga: Yadda Masu Tara Su a Amurka Ke Bin Salsalarsu

A kasuwar tsofaffin bindigogi ta Amurka akan ci karo da libarba ƙirar Smith & Wesson, samfurin Model 68, mai bututu inci 6, an buga mata baƙaƙe uku a jiki: OHB. Babu rundunar da ke da wannan suna. Asalin rubutun CHP ne, wato 'yan sandan manyan hanyoyi na jihar Kalifoniya, waɗanda aka fara ƙera wa samfurin a 1977. Da rundunar ta tashi sallamar bindigogin sai aka rufe bakin C ta koma O, aka ƙara wa P ciki ta koma B, don kada a ci gaba da ɗaukarsu a matsayin kayan gwamnati. Wanda bai san zancen ba zai ce an ɓata ƙarfe. A wurin wanda ya sani kuwa, baƙaƙen nan shaida biyu ce a wuri guda: bindigar ta yi aiki a rundunar, kuma ta ƙofa ta fita, ba ta katanga ba.

Masu tara irin waɗannan bindigogi ba kyau suke bi ba, ba kuma ƙaranci ba. Libarbar Military & Police, wadda aka fara a 1899 aka kuma raɗa mata Model 10 a 1957, an ƙera ta sama da miliyan 6. Colt Official Police ma, daga 1927 zuwa 1969, ta cika gari. Abin da ke raba ɗaya da 'yar uwarta, har farashi ya ninka, shi ne salsala: wa ya saya, wa ya rataya, yaushe ta bar aiki. Sana'ar ta fi kama da ta masu tantance isnadi. Shaidu uku ake nema, jikin ƙarfen da kundin masana'anta da kundin runduna, kuma sai bakinsu ya zo ɗaya. Mafi yawan bindigogin da ake tallatawa da sunan “ta 'yan sanda” shaida ɗaya tak suke da ita, wato hatimi, alhali shi ne mafi rauni a cikin ukun.

Yadda kayan hukuma suke faɗawa hannun jama'a a can ya samo asali ne daga tsarin ƙasar. Amurka ba ta da rundunar 'yan sanda guda ɗaya. Tana da hukumomin tsaron cikin gida kusan 18,000, na birane da gundumomi da jihohi da tarayya, kowace da kasafinta da zaɓinta. A ƙarni na 19 ɗan sanda yakan zo aiki da bindigar da ya ga dama. A 1896 ne Theodore Roosevelt, lokacin yana shugabantar hukumar kwamishinonin 'yan sandan New York, ya sa aka sayo Colt New Police mai harsashi .32 guda 4,500 don kowa ya riƙe iri ɗaya, aka rubuta musu “New York Police” a bayan mariƙi. Tun daga nan, duk rundunar da za ta sauya makami takan miƙa tsofaffin ga dillali mai lasisi, ya rage mata kuɗin sababbi, shi kuma ya sayar a shago. Babban gwanjon ya zo ne tsakanin tsakiyar shekarun 1980 da tsakiyar na 1990, lokacin da aka bar libarba aka koma fistol mai gidan harsashi. 'Yan sandan jihar Illinois sun riga kowa, tun 1967 da Model 39. Musayar wutar Miami ta 11 ga Afrilun 1986, inda aka kashe jami'an FBI biyu, ta ƙara wa sauyin sauri, kuma New York ta bi sahu a 1993 zuwa 1994.

Kada mai karatu ya auna wannan da mudun gida. A Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol da bindigogin soja a rukunin haramtattu, waɗanda lasisinsu sai daga shugaban ƙasa. Bindigar 'yan sanda a hannun farar hula a Kano ko Gusau ba kayan tarihi ba ce, abin gabatarwa ne a kotu. Inda batun ya shafe mu shi ne maganar kundi: rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na 2019 ya lissafa AK-47 guda 88,078 da rundunar 'yan sanda ba ta iya bayanin inda suke ba.

Binciken kan fara da lambobi, kuma a nan sabon shiga ya fi yin tuntuɓe, domin tsohuwar libarbar 'yan sanda takan ɗauki lamba uku ko huɗu. A Smith & Wesson, lambar masana'anta ta ainihi tana gindin mariƙi, har da harafin da ke gabanta, ko da an ware shi nesa da alƙaluman. Idan aka fito da tulun harsasai gefe, za a ga wata lamba a lungun gangar jiki. A tsofaffin samfura wannan lambar haɗi ce kawai, wadda ma'aikata ke amfani da ita don kada sassan bindiga ɗaya su gauraye da na wata, kuma ba ta cikin kundin fitar da kaya. Daga 1957 ana buga lambar samfuri a wannan lungu, irin su 10-5 ko 19-3, inda alƙalamin bayan karan ke nuna zubin gyaran ƙira. A Colt akasin haka ne: lambar ainihi tana cikin lungun, don haka lambar da aka gani a gindi sau da yawa ta runduna ce. Lambar runduna kuwa tana iya zama ta lissafin ma'ajiyar makamai, ko ta gurbin ratayewa, ko ta bajon jami'i. Wanda ya aika wa masana'anta lambar haɗi a maimakon ta ainihi, zai biya kuɗi ya karɓi tarihin bindigar wani.

Jikin kansa yana faɗin shekarunsa kafin a buɗe kowane kundi. Smith & Wesson ta rage sukur daga biyar zuwa huɗu a tsakiyar shekarun 1950, ta koma uku a farkon na 1960. Katakan mariƙi masu siffar lu'ulu'u a kewayen sukur sun ƙare wajen 1968, ƙusar da ke tokare bututu a gangar jiki kuma ta ƙare a 1982. A kwance katakan a duba: a tsofaffin samfura akan sami lambar bindigar a cikin katakon dama, kuma a gefen ƙarfen akan sami wata da shekarar da aka mayar da ita masana'anta gyara. Tauraro kusa da lambar gindi ma alamar hakan ce. Idan mai sayarwa ya ce ta yi sintiri a shekarun 1940 alhali sukur uku gare ta, magana ta ƙare.

Hatimin runduna yana zuwa ta hanya uku. Akwai wanda masana'anta ta buga da inji kafin a yi wa ƙarfe rini: layinsa a miƙe, zurfinsa ɗaya, rinin ya shiga cikin baƙaƙen. Akwai wanda mai kula da ma'ajiya ya buga da guduma harafi-harafi bayan an kawo kaya, wanda yakan karkace, wani harafi ya fi wani zurfi, gefensa ya ɗan taso. Akwai kuma na alƙalamin lantarki, mai kama da rubutun hannu da ɗigo-ɗigo. Karkatar baƙaƙe ba aibu ba ce, don haka aka saba gani. Abin zargi shi ne saɓani tsakanin hatimi da kewayensa. A sa madubin ƙara girma mai ninki 10 a ƙarƙashin haske na gefe. Bayan mariƙin da tafin hannu ya shekara 20 yana gogawa, dole bakin baƙaƙensa ya dushe, cikinsu ya yi duhu da datti. Idan ƙarfen ya sha jiki amma cikin haruffan yana walƙiya, gefensu na kama farce, to hatimin ya zo bayan ritaya. Saitin ƙarafan buga haruffa ba shi da tsada, kuma ƙarin da baƙaƙe huɗu ke kawo wa farashi ya isa ya ja ra'ayin maras tsoron Allah.

Ko hatimin na gaske ne, fassara shi wani aiki ne. SPD, inda PD ke nufin rundunar 'yan sanda, na iya zama Seattle, Sacramento, Spokane, Syracuse, ko ɗaya daga garuruwa barkatai masu suna Springfield. MPD na iya zama Memphis, Milwaukee, Minneapolis ko Washington, inda M ke nufin Metropolitan. Mai sayarwa kullum birnin da ya fi suna yake zaɓa. Hanyar warwarewa ita ce kwatance: a nemi wasu bindigogi masu hatimi iri ɗaya, a wuri ɗaya, da salon haruffa ɗaya, waɗanda aka riga aka tabbatar da asalinsu, sannan a ga ko lambobin masana'antarsu suna kusa da juna. Runduna ba ta sayen bindiga ɗaya-ɗaya. Ƙungiyoyin masu tara Colt da Smith & Wesson sun shekara da shekaru suna tattara irin waɗannan jerin lambobi, kuma sau da yawa su ne ke fasa ƙwai. Siffar odar ma shaida ce. Detroit, alal misali, an san ta da Model 10 mai farin rufin nikel da bututu inci 5, San Francisco da San Antonio kuma su ne sanannun masu ɗaukar Model 58 mai harsashi .41 Magnum bayan fitowarta a 1964.

Shaida ta biyu ita ce wasiƙar masana'anta. Colt tana da sashen adana tarihi da ke fitar da ita. Ta Smith & Wesson, wadda masanin tarihin kamfanin Roy Jinks ya daɗe yana sa wa hannu, yanzu tana fitowa ta gidauniyar tarihin kamfanin. Tsofaffin kundayen Winchester da Marlin suna gidan tarihin bindigogi na garin Cody a jihar Wyoming. Ana aika lambar ainihi da hotuna masu kyau na kowane gefe da kowane rubutu, a biya, a jira makonni ko watanni. Wasiƙar takan faɗi ranar da aka fitar da bindigar, wanda aka aika wa, girman harsashi, tsawon bututu, irin rufi, wani lokacin da irin katako da yawan bindigogin da ke cikin odar. Ranar fitarwa ce, ba ta ƙira ba, kuma masana'antun ba sa fitar da kaya bi da bi: bindiga na iya kwana shekara biyu a sito yayin da mai bi mata a lamba ta tafi tuni.

Sa'a ita ce wasiƙar ta ambaci rundunar da sunanta. Haka ake samu a Registered Magnum, libarba mai harsashi .357 ta farko, wadda aka fara a 1935 aka miƙa wa shugaban FBI na lokacin, J. Edgar Hoover, mai lambar rajista ta 1. 'Yan sandan Kansas City sun yi odar 250 daga cikinsu, kuma ko da yake da yawansu sun sha wuya an sake musu rini, wasiƙar kaɗai tana riƙe musu daraja. Amma abin da aka fi gani shi ne wasiƙar ta tsaya a kan dillali. Idan dillalin sananne ne a cinikin 'yan sanda, irin George F. Cake na Berkeley, kuma odar mai yawa ce, kuma garin da hatimi ke nunawa yana yankinsa, to an sami goyon baya mai ƙarfi, ba hujja yankakkiya ba. Idan ta nuna shagon kayan gini a wata jiha mai nisa, bindiga ɗaya a cikin odar, hatimin ya shiga uku.

Akwai kuma inda shaidun biyu ke rabuwa ba tare da kowa ya yi ƙarya ba. Model 520 guda 3,000 an ƙera su a 1980 don 'yan sandan jihar New York, amma ba a kai musu ba, aka sayar wa jama'a. An yi su don 'yan sanda, ba su taɓa aikin ɗan sanda ba, shi ya sa ake yawan samunsu sababbi fil a kwali. A ɗaya gefen, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Smith & Wesson Victory da Colt Commando da yawa sun tafi ga 'yan sanda da masu gadin masana'antun makamai ta hannun hukumar Defense Supplies Corporation, ba tare da wani hatimi ba, sai wasiƙa ke tona su. Birnin New York ya fi kowa rikitarwa, domin a can, a zamanin libarba, jami'i da kuɗinsa yake sayen bindigarsa daga jerin da aka amince da shi, ta zama mallakarsa, ya tafi da ita gida in ya yi ritaya. Banda na odar 1896, tsofaffin nasu galibi ba su da sunan runduna, sai dai a wasu a ga lambar bajo. Na baya-bayan nan, Model 64 marar tsatsa ta ƙarshen shekarun 1980, ana gane ta da NY-1 a lungun tulu, da gudumar da aka yanke wa kunne don kada a iya ɗana ta da babban yatsa.

Shaida ta uku ta fi wuyar samu. Mutane da yawa suna zaton akwai ofishin gwamnatin tarayya da za a ba lamba ya zayyano tarihi. Cibiyar bin sawun bindigogi ta ATF, hukumar tarayya mai kula da dokokin bindiga, da ke Martinsburg, West Virginia, jami'an tsaro kawai take yi wa aiki, a kan binciken laifi, kuma gyaran dokar da ake kira Tiahrt tun 2003 ya taƙaita fitar da bayananta. Dokar 1986 ta hana tarayya kafa rajistar masu bindiga. Don haka sai a koma ga rundunar kanta, ta dokar buɗe bayanan hukuma ta jihar da take, domin takwararta ta tarayya ta 1966 ba ta hau kan birane da gundumomi ba. Buƙatar da ke samun amsa ita ce ƙayyadajjiya: ƙira, samfuri, lambar masana'anta, lambar runduna, shekarun da ake zato, da sunan takardun da ake so, wato katin miƙa makami ga jami'i, lissafin ma'ajiya, da takardar sallama ko musaya da dillali. Amsar da aka fi samu ita ce an lalata takardun bayan cikar wa'adin ajiya. Daga nan sai a bi ta bayan gida: bayanan zaman majalisar birni inda aka amince da kuɗin sayen, tsofaffin jaridun garin, rahoton shekara na rundunar, gidan tarihin 'yan sanda idan akwai, da ƙungiyar tsofaffin jami'ai.

Lambar bajo tana yaudara, don ana sake ba da ita. Bajo ɗaya na iya ratsa ƙirjin mutum huɗu cikin shekara 50, sai an daidaita shekarar fitar bindigar da shekarar ɗaukar jami'in aiki. Takardar iyali mai cewa “ta kakanmu ce” ba ta da nauyi sai ta ɗauki lambar masana'anta, da sa hannu a gaban mai shaida na hukuma. Takardar sallama kuwa ba don ado ake nemanta ba. Bindigar da ta ɓace daga ma'ajiya shekara 40 da suka wuce tana iya kasancewa har yau a jerin kayan sata na NCIC, rumbun bayanan da FBI ta kafa a 1967, kuma duk ranar da aka duba lambar za a karɓe ta ba diyya.

Tsufan bindigar aiki yana da kamanninsa. Rini yakan goge a bakin bututu ta gefe biyu da gaban tulu, inda kube ke shafa. Katakon dama ya fi na hagu shan duka, domin shi ne ke waje a ƙugun mai amfani da hannun dama, shi ke karo da ƙofar mota da bango. Cikin bututun kuma galibi lafiya lau, saboda ana yawan ratayawa ne ba yawan harbawa ba. Banda bindigogin makarantar horo, waɗanda ke zuwa da akasin haka. Ana auna tazarar da ke tsakanin tulu da bututu da siraran ƙarafan awo, 0.004 zuwa 0.008 na inci shi ne lafiya. Ana duba ko kowane gurbi na kullewa kafin guduma ta faɗi. A Model 19 da 66 wajibi ne a haska ƙasan mashigar bututu, inda aka shafe ƙarfen ya yi siriri, don nan yake tsagewa in an daɗe ana harba .357 mai sauƙin nauyi, na giren 125 a ma'aunin nauyin harsashi. Kuskuren da ba ya gyaruwa shi ne “gyarawa”: goge ta da inji a sake rini yana cinye bakin hatimi, ya kuma share gogewar kuben da ke mara wa labarin baya. Mai kaɗan da tsumma sun isa. Kube, kwali, da takardar dillali a ajiye su tare, amma kada a bar bindiga cikin kuben fata, yana jan laima.

Tarkon doka mafi muni yana gindin mariƙi. Goge sunan runduna kafin sayarwa halal ne, rundunoni da yawa ma sun sharɗanta shi. Goge lambar masana'anta kuwa babban laifi ne a dokar tarayya, har ga wanda ya mallaki bindigar yana sane, kuma hukuncinsa kan kai shekara 5. Tun da a Smith & Wesson lambobin biyu sukan zauna kafaɗa da kafaɗa, wani mai gaggawa yakan haɗa su ya share. Irin wannan ba a saye ko da kyauta. Bindigogin fam-akshan na motar sintiri, irin Remington 870 da Ithaca 37, wasunsu bututunsu inci 14 ne, kuma duk abin da ya gaza 18 yana ƙarƙashin dokar 1934 mai neman rajista ta musamman. Masu sarrafa kansu, kamar Thompson 1921 da Colt ta ƙera 15,000, sai waɗanda aka yi wa rajista kafin 19 ga Mayun 1986, kuma wadda runduna ta yi wa rajista a kan fom mai lamba 10 ba ta komawa hannun farar hula har abada. Sauƙin da ke akwai shi ne lasisin mai tara kayan tarihi, dala 30 na shekara 3, wanda ya shafi bindigar da ta cika shekara 50 tana kan siffarta ta asali.

Na Turai sun fi sauƙin karantawa, musamman na Jamus, inda aka tsara baƙaƙen a hukumance. Fistol ɗin Luger ta 'yan sandan zamanin Weimar, wato kafin mulkin Hitler, takan ɗauki harafin irin rundunar, da na gundumar, da lambar makami a gaban mariƙi, kuma in an sauya mata wuri sai a soke tsohon rubutu a buga sabo kusa da shi, tarihin ya jeru a ƙarfe. Bayan 1945 Amurkawa sun ba 'yan sandan Bavaria ƙananan raifuloli M1 da libarbobin Victory, aka rubuta musu “Bavaria Rural Police” da makamantansu. Webley da Model 10 masu RHKP na Hong Kong ne zamanin mulkin Ingila. Duk wadda ta shiga Amurka bayan dokar 1968 tana ɗauke da sunan mai shigo da ita, ƙarin mahaɗi a salsalar ko da yana rage mata kyau.

Zamanin Glock, fistol mai gangar roba, ya canza abin dubawa. Gangar roba ba ta nuna tsufa kamar rini, don haka ana karanta harafin farkon lamba, tambarin runduna da aka zana da leza a kan ƙarfen sama, da shekarar da ke jikin saitin dare, wanda sinadarin tiritiyom ɗinsa ke rasa rabin haskensa duk shekara 12 da 'yan watanni. Wasu rundunoni sun sa an saka baƙaƙen sunansu cikin lambar masana'anta kanta, abin da ba ya goguwa bisa doka, kuma wannan shi ne hatimi mafi inganci da aka taɓa samu. Sai dai ƙofar da kayan ke fitowa tana ƙara ƙunci. Honolulu ta lalata fistol ɗin Smith & Wesson sama da 2,300 a 2015 maimakon ta sayar. Binciken da kafafen labarai na The Trace da CBS News da Reveal suka fitar a 2024 ya nuna an tsinci tsofaffin bindigogin 'yan sanda sama da 52,000 a binciken laifuffuka tun daga 2006, kuma bayansa wasu rundunoni sun dakatar da musaya da dillalai. A birnin da ya zaɓi narkarwa, abin da zai saura na wannan zubi shi ne 'yan ƙalilan da jami'ai suka saya lokacin ritaya, sai takardar lalatawa mai jerin lambobi, idan ita ma ba a yaga ta ba bayan cikar wa'adinta.